Kafin ka zana taswirar zaga Turai a jirgin ƙasa, fara duba launin fasfonka

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a, da fatan kana lafiya. Don Allah ka ɗan sammin fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amsa wata tambaya da ta ishe ni, don tun da muka dawo daga Turai ni da uwargida a watan Agustan 2025 ba na zama a majalisarmu ta bayan la'asar a Jekadafari sai wani ya ce Malam wai da gaske ne da tikiti ɗaya kuka zaga ƙasa biyar a jirgin ƙasa, nawa ne, ina ake yanka. Na gaji da maimaitawa wallahi, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, ni ma in huta.

Ni ɗan reluwe ne. Mahaifina Allah ya ji ƙansa dogo ya biyo daga Bauchi, jirgi ya iso Gombe a 1963 ya ƙarasa Maiduguri a 1964, shekarar da aka haife ni ke nan, kukan jirgi shi ne agogon gidanmu har na yi wayo, muna yara muna kallon yadda ake loda auduga da gyaɗa a taragu. Halin da tashar take ciki yau kowa ya sani ba sai na ɓata maka takarda ba. Na kawo wannan ne kawai don a gane dalilin da ya sa da yaron wajena (ɗan fari ne, ba a kama suna) ya ce mu zo bikin kammala digirinsa na biyu a Jamus, abin da ya fara faɗo min a rai ba bikin ba ne, jirgi ne.

Na sayi littafin makaranta mai shafi 40 na zauna ina ta kallon bidiyon Turawa masu yawon duniya a YouTube, cikin sati biyu na gama tsarina: ƙasa 11 a kwana 20. Landan tana ciki, Santambul tana ciki, har na tsara mu gangara kudancin Sifaniya mu hau jirgin fito mu tsallaka Maroko in ɗana jirgin nan mai gudu na Tanja zuwa Kasabalanka da suka buɗe a 2018. Na ɗauki hoton shafin na tura wa yaron ta WhatsApp ina jiran yabo. Sai ya kira ni ta bidiyo, ya yi shiru, can ya ce "Baba, wannan tsarin ya yi kyau, amma na mai jan fasfo ne." Raina ya ɗan sosu, amma gaskiya ya faɗa, kuma ita ce duk maganar da ta sa na ɗauko alƙalami. Masu bidiyon nan ba don mu suke yi ba. Su safiya ce za ta waye mutum ya saɓa jaka ya ce yau Landan, gobe Maroko. Mai koren fasfo kuwa tafiyarsa ba daga tashar jirgi take farawa ba, daga layin biza take farawa, kuma bizar ce za ta zana maka taswira ba kai ba.

Ga yadda abin yake. Bizar Shengen ɗaya, wato bizar haɗaka ta Turai, tana shigar da kai ƙasashe 29, ba a wuce kwana 90 a cikin kwana 180, to amma Ingila ba ta ciki, don haka jirgin nan da ke bi ta ƙarƙashin teku daga Faris zuwa Landan cikin awa biyu da 'yan mintoci sai dai ka gan shi a tasha ka ɗaga masa hannu, sai da bizar Ingila daban da kuɗinta daban. Turkiyya daban, Maroko daban. Kuma ga wani tarko da ban san da shi ba sam: in aka buga maka biza mai shiga ɗaya, wadda ita aka fi ba wa sabon matafiyi, kana tsallakawa Maroko ko Turkiyya shi ke nan ta mutu, ko da saura kwana goma a jikinta, ba ka da hanyar komawa Jamus inda jirginka na dawowa gida yake jiranka. Da na bi littafina da a Tanja za mu maƙale ni da Hajiya. Mu ma mai shiga ɗayar aka ba mu.

Sannan ba ofishin jakadancin da ka ga dama za ka je ba, sai na ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo daidai to ta farkon da za ka sauka. Wannan ya sa dole muka bar wa Jamus kwana 8 sauran ƙasashe suka raba abin da ya rage. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da na masu karɓar takardu, kuma in an hana ka ba a mayarwa, ga shi a 'yan shekarun nan cikin 'yan Najeriya 100 da suka nema sama da 40 hana su ake yi. Sai inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin Yuro 30,000, sai bayanan asusun banki, sai shaidar inda za ka kwana kowane dare, ka ji fa, kowane dare, wato yawan garuruwanka yawan takardunka kuma yawan inda mai dubawa zai ga abin da bai gamsu da shi ba. Mu na Gombe kuma ƙari a kan haka sai ka niƙi hanya zuwa Abuja ko Legas a ɗauki hoton yatsunka. Wani ejan a nan garin ya ce in ba shi kaza zai haɗa min takardun otal na bogi ya samo min rana da wuri, na ce a kai kasuwa. Takardar ƙarya ɗaya in suka kama ta sunanka ya ɓaci ba a wajen ƙasa ɗaya kaɗai ba, don rumbun bayanansu ɗaya ne.

Abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne wannan: tikiti mai araha da kujeru masu kyau tun wata biyu wata uku kafin tafiya suke ƙarewa, kai kuma ba ka isa ka zuba kuɗinka ba tunda ba ka san ko za a ba ka bizar ba. Gaba kura baya sayaki. Doka ta yarda ka nema tun saura wata 6, to don Allah duk mai niyya ya nema tun a lokacin. Ni na yi sanya, fasfonmu bai dawo ba sai saura sati uku, kuma na ɗanɗana kuɗata, zan zo kan wannan. Otal dai mun kama irin wanda ake iya fasawa ba tare da an ci tararka ba, ya ɗan fi tsada amma hankali kwance.

To maganar tikiti ɗaya da ake ta tambayata. E akwai shi, sunansa Eurail, na waɗanda ba mazauna Turai ba ne, yana aiki a ƙasashe 33, shi kuma yaron da yake yana da takardar zama a can nasa Interrail ne, kusan abu ɗaya ne sai dai shi a cikin Jamus kwana biyu kawai aka yarje masa, ranar fita da ranar komawa. Ba sai ka je wani kanti ba, ta intanet ake saya ya zauna a manhaja cikin wayarka. Kwanaki kake saya ba nisa ba, akwai na kwana 4, 5 ko 7 a cikin wata guda, akwai na 10 ko 15 a cikin wata biyu, duk ranar da ka kunna daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare ka hau jirgi ko nawa ne. Wanda ya kai shekara 60 yana da rangwame (karon farko ke nan da tsufa ya yi min rana), matashin da bai kai 28 ba shi ma haka. Mu na kwana 10 muka saya.

Amma kar wanda ya ruɗe ka wai da shi an gama biya. A Jamus da Suwizalan da Ostiriya yawanci shiga kawai za ka yi ka nemi wuri ka zauna. A Faransa da Sifaniya da Italiya kuwa jirage masu gudu dole sai ka sake biyan kuɗin kujera, wani wajen Yuro 10 wani ya haura 30, mutum uku sau tara ka lissafa, a lokacin Yuro ɗaya ya haura Naira 1,700. Kuma a wasu layukan kujerun da aka ware wa masu irin tikitinmu ƙididdigaggu ne. Nan makarar bizata ta kama ni, mun zo kama kujerar Faris zuwa Basilona aka ce ta ranar ta ƙare, dole muka ja tafiyar da kwana ɗaya, muka ƙara kwana a Faris muka rage na wani garin, duk otal-otal na gaba sai da aka sake taɓa su ɗaya bayan ɗaya, yaron ya kwana kan kwamfuta yana tsaki a hankali don kar in ji. Gaskiyar magana ma in Sifaniya kaɗai za ka zaga ban ga amfanin wannan tikitin ba, layin Madrid da Basilona kamfani uku ne suke gasa a kai, mai saya da wuri yakan samu da araha sosai. Sai ka zauna da biro ka haɗa kuɗin kowace tafiya ɗaiɗai ka gwada da na tikitin haɗe da kuɗin kujeru kafin ka saya, kar ka saya don sunan ya yi daɗi.

Daga ƙasa 11 muka dawo 5: daga Kolon ta Jamus zuwa Faris, Basilona, Ƙurɗuba, Giranada, mu juyo ta Basilona da Marsai mu bi gaɓar teku mu shiga Milan, sai Zurik ta Suwizalan, sai gida Kolon. Na so mu ƙara Biyana ta Ostiriya da jirgin dare don a tikitin kwana ɗaya kawai yake ci, ranar da ka tashi, ga shi ka huta da kuɗin otal, amma da Hajiya ta ji cewa ɗaki ne mai gado shida hawa-hawa kuma za a iya haɗa ka da baƙi maza da mata sai ta ce "Malam, in kai ka ga za ka iya Allah ya kiyaye hanya, ni ina nan." Yaron ya ce Umma akwai ɗakin mata zalla, ta ce ta ji, ba ta zuwa. Aka soke Biyana.

Kaya kuma sai da aka yi ƙaramin yaƙi. Ta haɗa kilishi da dambun nama da man shanu cikin robar fenti, yaron ya ce Umma nama da duk abin da aka yi da madara ba a shiga da su Tarayyar Turai a jakar matafiyi, ƙwacewa za a yi wataƙila har da tara. Dabino muka ɗauka, shi an yarda, kuma ya yi mana rana ba kaɗan ba. Abinci dai kusan kowace babbar tasha ba ka rasa shagon Turkawa ko Larabawa a kusa, ka tambaya ko halal ne, a Sifaniya ne sai ka buɗe ido sosai don naman alade har rataye yake a shaguna. Jaka kuwa a jirgin ƙasa ba mai auna maka ita amma kuma ba ɗan dako ba mai baro, kai za ka ɗaga abinka ka hau da shi cikin minti biyu ko uku da jirgi zai tsaya. A Faris jirgin Kolon a Gare du Nord yake sauke ka, na Basilona kuma daga Gare de Lyon yake tashi, tasha ce daban a wani ɓangaren gari, sai ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ranar da muka ja akwati uku ga gwiwar Hajiya ga wata matattakala mai tafiya da kanta da ta tsaya cak, a ranar na gane akwati ɗaya ƙarami ya ishi mutum. Kuma in manhaja ta nuna maka canjin jirgi na minti 7 ko 9 kar ka yarda in kana tare da babba, nemi mai rabin awa. A ranarmu ta ƙarshe wani jirgi ya makara da minti 25, wanda za mu canja ya tafi ya bar mu, Allah ya sa inda ba a kama kujera ne muka hau na bayansa, da a Faransa ne da wani kuɗin ne kuma.

Sai maganar da ba za ka taɓa ji a bidiyon Turawa ba, tsarki da alwala da salla. Ban ɗakin jirgi ba buta, ɗan ƙanƙani ne kamar akurki, famfon kuma sai ka danna ya tsiyayo ruwa kaɗan ya ɗauke. Robar ruwa ta rabin lita ita ce butata tun daga Kolon har muka dawo, kullum tana aljihun jaka. Ka ga dattijo ya dafe bango da kafaɗa, ƙafa ɗaya a sama, jirgi na sheƙa gudun kilomita 300 a awa, ina ƙoƙarin kar in jiƙa musu ƙasa wani ya zo ya zame, daga rana ta biyu na koma yin alwala a otal in sa huffi in riƙe abata. A tashoshin Jamus kuma ban ɗaki kuɗi ne, wajen Yuro ɗaya, Hajiya ta lissafa da Naira ta ce ita kam a wannan farashin gara ta rage shan ruwa. Kafin mu tashi na je wajen limaminmu na sake bitar hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, ina ba kowa shawara ya yi hakan, don lokutan can a bazararsu sun saɓa da namu, ƙarshen Yuli a Kolon magariba sai wajen tara da rabi na dare, isha ta yi can, kafin ka runtsa asuba ta yi. Sai muka tsara dogayen tafiye-tafiye su zama na safe, mu sauka mu haɗa azahar da la'asar a masauki. Faris zuwa Basilona wajen awa shida da rabi ne, a nan ne na ga allon tarago ya nuna gudun ya haura 300, na lissafa a raina cewa Gombe zuwa Bauchi da muke kwashe sama da awa biyu a mota wannan rabin awa ne zai yi, kafin shayi ya huce an wuce Alkaleri.

Fasfo kuma ya zauna a jikinka ba a akwati ba. An ce ba iyaka tsakaninsu, haka ne, amma Jamus ta dawo da bincike a duk iyakokinta na ƙasa tun Satumban 2024, wasu ƙasashen ma suna yi, a wata iyaka jami'ai suka shigo taragonmu suka nemi takardu, ban ce komai ba amma na lura da waɗanda aka tambaya da waɗanda aka wuce. Wayarka ma ita ce tikitinka, in caji ya ƙare kai da wanda bai biya ba ɗaya kuke, ka riƙe fawa bank.

In ka tambaye ni ina ne kuɗina ya fita, Ƙurɗuba da Giranada ne, Andalus ɗin da muke ji a bakin malamai tun muna zaure. Garin su Imam Ƙurɗubi mai tafsiri. Babban masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785 yana nan da ginshiƙansa ɗaruruwa da bakunansu masu ratsin ja da fari, tun 1236 ya koma coci kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, gara ka sani tun daga gida kar ka je ka tada kabbara a zo a taɓa kafaɗarka. Na tsaya gaban mihirabin na daɗe, Hajiya ta matso ta ce "Malam lafiya?" na ce ƙura ce ta shiga min ido. A Giranada kuma fadar Alhambra, wadda ta fita hannun Musulmi a 1492, bango bayan bango an sassaƙa "wa la galiba illallah", na karanta da bakina ba tafinta, wasu Turawa na gefe suna ta kallona. Tikitin shiga can da sunanka da lambar fasfonka ake yankansa, da sa'ar da za ka shiga ainihin fadar, kuma yana ƙarewa da wuri, shi ya kamata ka fara kamawa sannan ka gina kwanakin jirgi a kansa, mu sa'a muka ci yaron ya kama tun kafin bizar ta fito don kuɗinsa ba yawa ko an yi asara. Zafi kuwa kar ka ce Turai ce ka kwashi rigunan sanyi, Ƙurɗuba a wannan lokacin tana haura digiri 40, watan Afrilun Gombe sak, da rana tsaka garin kamar an yi shara.

Kwana bibbiyu kawai muka ba su, kuma shi ne nadamata. Don na nace sai na ga Italiya da Suwizalan muka kwashe kusan kwana uku a zaune muna juyowa, Giranada zuwa Basilona, Basilona zuwa Marsai, sannan Marsai zuwa Milan da canji uku, teku na ta wucewa ta taga gwanin kyau amma kowa ya gaji ba mai kallo, ƙafafun Hajiya sun kumbura, Milan ɗin ma barci muka yi mata. Ramin Gotthard na Suwizalan da na ƙwallafa rai a kansa, kilomita 57 a ƙarƙashin duwatsu, ramin jirgin ƙasa mafi tsawo a duniya, an buɗe shi 2016, mun shige shi cikin kamar minti 20 kuma ba abin da na gani sai fuskata a gilashi, Hajiya ta ce "To Malam, ramin ke nan? Don wannan muka baro Giranada?" Ban da amsa. Zurik kuwa tsadarta ta sa burodi da dabinonmu muka ci muka kwanta. Da yau ne ƙasa uku zan yi, in ba Andalus sati guda cur.

Yanzu Maroko nake hari, ita kaɗai da bizarta, in sauka Kasabalanka in hau jirgi zuwa Tanja in gangaro Fas, littafin nawa ma saura shafi 12 ban cike ba. In akwai mai karatu a Gombe ko Bauchi da ya taɓa neman bizarsu daga nan, don Allah ya rubuto ta wannan shafi ya gaya mana kwana nawa ta ɗauka da takardun da suka nema. Hajiya dai ta ce wannan karon sai ta ga tsarin da idonta ta sa hannu kafin a sayi ko da tikiti ɗaya.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Ɗan reluwe, Jekadafari, Gombe